Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Bayan Katan ɗin Sabulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, Mai Sito na kamfaninmu na rarraba sabulu yake sanar da 'yan'uwa ma'aikata rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar nan da ke zaune a ƙuryar sito, inda hasken fitila bai cika kaiwa ba. Ta cika ranar Laraba da yamma, ana tsakiyar bugun fanareti, ƙwallo tana sama.

Sanarwar ta makara ne saboda gardama. Direba ya ce a rubuta cewa tamfol ne ya kashe ta. Mai Sito ya ce duka ne. Biro yana hannun Mai Sito, amma zai faɗi gaskiya gwargwadon hali.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Inna mai shara, wadda ta riga kowa zuwa kamfanin, ta ce a nan ta same ta, kuma ko a lokacin tana tari. Aikinta na asali shi ne rubuta katan ɗin da ya shigo da wanda ya fita. Ba ta yi suna ba sai shekarar da Manaja ya gaji da jin ihun ƙwallo daga ofisoshi. Ya sa aka riƙa karɓe wayoyi tun daga bakin ƙofa. Ya sa Injiniya ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu manhajar toshewa. Daga ranar, ko kalmar ƙwallo ka rubuta, sai wani jan tafin hannu ya fito maka a fuska. Manaja ya ce duk wanda aka kama yana kallo, ya ɗauki jakarsa.

Sababbin kwamfutoci duk suka miƙa wuya. Gwaggo ce kaɗai ta ƙi. Injiniya ya ɗura mata manhajar, ta amayar. Ya sake, ta suma. Ya share gumi ya ce a ƙyale ta, wannan ko shafin gaisuwa ba za ta iya buɗewa ba. Washegari Mai Sito ya gwada ta. Ta yi ƙirrr, ta yi tak-tak-tak, ta ja dogon numfashi, sai ga filin ƙwallo.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Lasifikarta ta mutu tun da daɗewa, don haka ba ta taɓa ɗaga murya ta tona kowa ba. Ba ta da son kai. Kalarta ta koɗe, masu jar riga da masu shuɗiya duk launin toka take nuna su. Akawu ya taɓa shafe rabin wasa yana yi wa abokan gaba addu'a. Kuma ba ta da gaggawa. Yaran unguwa da ke bayan katanga sukan yi ihun an ci, su gama, su koma harkokinsu, sannan Gwaggo ta nuna ɗan wasan yana gyara safa. Mai Sito yana ɗaukar wannan tausayi ne, tana ba zuciya lokacin shiri. Direba kuwa auduga yake cusa wa kunnensa.

Ita ta koya wa ma'aikata son ƙidayar kaya. Duk ranar wasa, Mai Sito yakan saɓa katan wanda babu komai a ciki, ya ratsa baranda a hankali kamar mai ciwon baya. Wannan ita ce alama. Akawu ya taso da fayil. Direba ya ce mota tana hutawa. Injiniya kansa, da ya toshe kowa har da kansa, ya zo wata rana duba wayar wuta a bango, ya tsaya a tsaye har aka tashi wasa, daga nan ya samu mazauni. Ihu haramun ne a gabanta. Kowa yakan riƙe gefen katan, in an ci ya gatsa. Manaja ya ga tabon haƙora a jikin kaya, ya sa aka sayo maganin ɓera.

Ciwon ajali ya fara mata da zafin jiki. Fankarta ta koma yin fuuu, kaf, fuuu, kamar tsoho a kan tudu. Mai Sito ne ya yi jinyarta. Shi yake busa mata ƙura, shi yake yi mata fifita da murfin katan, har ya rasa ganin ƙwallaye masu kyau saboda yana bayanta. Dokokinta biyu ne, kuma kowa ya san su. Ba a rufe mata baya. In hoto ya daskare, ana shafa mata mari ne a gefen hagu, da tafin hannu, cikin ladabi.

Ranar Laraba ana wasan kusa da na ƙarshe. An tashi babu ci, aka tafi fanareti. Ɗan wasan masu jar riga, ƙungiyar Direba, ya ajiye ƙwallo, ya ja baya. Sai aka ji takun takalmin Manaja a baranda. Mai Sito bai yi tunani ba. Ya fizgi tamfol ɗin rufe kaya ya lulluɓe Gwaggo gaba da baya, ya tsaya a gabanta yana nuna katan da yatsa, leɓensa yana motsi.

Manaja ya shigo ya dube su, idonsa ya yi raurau. Ya ce, "Samari, tun da nake aiki ban taɓa ganin sito da ake ƙidayawa kamar wannan ba. Har da kai, Direba?"

Direba ya zaro auduga daga kunne ya ce, "Ranka ya daɗe, son kamfani ne."

Da ya tsaya nan, da Gwaggo tana raye. Amma Manaja ya jawo katan ya zauna, ya fara tarihin yadda shi ma daga sito ya taso. A ƙarƙashin tamfol, Mai Sito yana jin fuuu, kaf, fuuu, yana raguwa. A bayan katanga yara suka yi ihu, suka yi shiru, suka sake ihu. Babu mai sanin na wane ɓangare ne. Wani siririn ƙauri ya taso. Manaja ya shaƙa ya ce, "Mene ne wannan?"

Akawu ya ce, "Sabon sabulun ne, ranka ya daɗe. Haka ƙamshinsa yake."

Manaja ya ce a rage odarsa, ya tashi ya fita.

Aka yaye tamfol. Tana da sauran rai, wannan Mai Sito zai iya rantsewa a kai. Hoton yana nan a daskare, ƙwallo ta bar ƙafa, mai tsaron gida ya karkata. Abin da take buƙata fifita ne da haƙuri. Sai Direba ya ce, "Haba Gwaggo, yau ma?" Ya zabga mata a gefen dama. Da takalmi. Ta yi ƙara sau ɗaya, siririya, kamar ɗan tsako. Hoton ya tattare ya zama ɗigon haske a tsakiya, ɗigon ya tafi.

Injiniya ya buɗe cikinta ya duba. Ya ce zafin ya isa ya kashe ta, dukan ma ya isa. Aka ce ya zaɓi ɗaya. Ya ce shi ba alƙali ba ne.

Ta rasu ta bar Mai Sito, wanda har yanzu hannunsa yake kaɗa murfin katan ba da saninsa ba. Ta bar Akawu, da Injiniya, da wani direba. Ta bar linzaminta mai igiya, da allon rubutu wanda harafi uku suka faɗi, da maganin ɓera da ba a taɓa ba. Manaja ya jajanta, ya ce sito mai irin wannan himma ya cancanci sabuwa fil. An kawo ta jiya. Siririya ce, mai sheƙi. Mai Sito ya gaishe ta da kalma ɗaya, ta nuna masa jan tafin hannu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, jim kaɗan kafin a take wasan ƙarshe. Za a ɗauki gawar a baro, daga ƙofar baya zuwa shagon mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda Allah ya sa yake jikin gidan kallon ƙwallo. Ciniki irin wannan yana ɗaukar lokaci, wani sa'in har da ƙarin lokaci. Manaja ya amince Akawu da Injiniya su je shaida, da mutum ɗaya mai tura baro. Ya ce sito ba zai zauna babu kowa ba, tsakanin Mai Sito da Direba dole ɗaya ya tsaya.

An yi ittifaƙi cewa wanda ya yi kisa ba ya tura gawa. Shi zai zauna da sabuwar, yana jin ihun yara ta bayan katanga.

Masu zuwa su zo da fuskar jimami, aƙalla har a wuce tagar Manaja. Wanda ya karanta wannan sanarwa ya miƙa wa na kusa da shi, kada ta hau bene wurin Manaja. An tambayi Akawu wa ya yi kisan, ya sunkuya cikin fayil. An tambayi Inna mai shara, ta ce a ɗaga ƙafa za ta wuce. Baro yana nan an wanke shi, Asabar tana matsowa.

Jama'a, tsakani da Allah, tamfol ne ko takalmi?