Farfesa Ya Kwashe Maganin Inna

Farfesa ya kwashe maganin Inna kaf daga kemis ɗin unguwa. Ƙwayar da tsohuwa ta yi shekaru tana sha saboda ciwon gaɓɓai, ita ya ji a waya wai tana kashe annobar tarin nan da ta shigo gari, ya aika aka kwaso masa har kwalin da ke ƙarƙashin kanta.

Kada a ce ba a yaba masa ba. Mutum ne masani, Allah ya ƙara. A asibiti ya yi aiki har ya yi ritaya, a tagar ba da kati, inda duk likitan da ya gifta sai iskarsa ta buge shi. Shi ya sa da za a kafa kwamitin lafiya na unguwa bai wahalar da kowa da zaɓe ba, ya ja kujerar shugaba ya zauna.

Mai ɗinki, 'yar Inna, ita ta ɗinka masa farar rigar da yake yawo da ita, ya ce ta faɗaɗa aljihun gaba saboda biro. Da ta zaga kemis-kemis ba ta samu ko ƙwaya ba, sai ta nufi gidansa. Ta tarar da shi a kan benci, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, ƙarti lafiyayyu sun yi layi yana damƙa musu ƙwayar kamar alewa.

"Baba, maganin Inna na zo roƙo."

"'Yar nan, kimiyya ba ɗinki ba ce. Likitoci sun ɓoye amfanin wannan ƙwaya ne don su cusa mana sabuwa tasu, wadda guba ce tsagwaronta. Ni na yi bincike."

"A ina, Baba?"

"A waya. Har da hoton bidiyo."

"Inna fa yatsunta sun kumbura, ko cokali ba ta iya riƙewa."

Ya dube ta ta saman gilashi. "Muna maganar ceton al'umma, kina maganar yatsu! Shafa mata man zafi."

Ta koma da hannu wayam, ta ajiye keken ɗinki, ta zauna tana bai wa uwarta abinci a baki.

Ana nan sai tari ya kama Farfesa. Babban masani ya kulle kansa a ɗaki, ya tura matarsa asibiti a guje ta roƙo masa gubar nan ta likitoci, ya ce ko kuka ne ta yi musu. Tasa ƙwayar kuwa, ta ceton al'umma, bai kai ta bakinsa ba. Wai tana sa shi jiri.

To, 'yan kwamiti, ku da kuka yi ta gyaɗa masa kai: ya warke, mun gode Allah. Ragowar kwalayen na nan a saman durowarsa suna shan ƙura, Inna kuma har yau a baki ake ba ta ruwa. Ku shiga ku ɗauko, ku mayar kemis yau ɗin nan. In kuna jin nauyinsa, ku ce likita ne ya aiko ku, kun dai ga yana jin maganarsu.