Hailalar da na ƙirga da tubala

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun yayan surukina a Tsibiri ba, ko da kuwa na so mantawar. Har yau idan abin ya faɗo mini ina kan keken ɗinki, sai ƙafata ta tsaya cak.

Ni tela ne a Sabon Gari, nan Maraɗi, kuma mutum ne mai yawan wasiwasi. Nakan kulle shago, in kai bakin titi, in dawo in sake taɓa kwaɗon. Abu ɗaya ke kwantar mini da rai, wani tsohon wasa a salulata. Tubala ne jere a sama, ɗan katako a ƙasa, kana tare ƙwallo da shi tana komawa tana fasa su. Duk tubalin da ya fashe, lamba ta ƙaru da ɗaya a kusurwa. (Na sani, bai dace da mai 'ya'ya huɗu ba. Na sani.)

Ranar sadakar, kabu-kabu ya sauke ni an riga an zauna. A gidan surukaina akan yi wa mamaci hailala dubu saba'in. Kowa ya ja abin da ya iya, ya faɗa wa liman a haɗa, sai ta cika a yi addu'a a kawo abinci. Na laluba aljihu, babu carbi. Neman aro a gaban suruki, kunya ta hana ni. Ƙirga da yatsu kuwa na san halina, zan kai saba'in in yi shakka in koma farko.

Sai dabara ta zo mini. Na kashe sautin salula, na ɓoye ta cikin hannun riga, na ce kowane tubali hailala ɗaya. Wallahi da niyyar kirki na fara. Amma ƙwallon ba ta jiran baki. Ta samu kafa ta haye bayan tubalan tana zubar da su goma-goma. Ban san lokacin da leɓena ya tsaya ba, babban yatsa ne kawai ke aiki.

Muryar liman ce ta dawo da ni. “Tela, nawa ka samu?”

Na dubi kusurwa, na karanta abin da na gani. “Dubu huɗu da ɗari biyu.”

“Masha Allahu!” in ji shi. “Tun ɗazu nake kallonsa, ko kai bai ɗaga ba. Alhaji, ka yi dacen suruki.” Ya duba takardarsa ya ce da wannan ta cika, a ɗaga hannu.

Hannuwa suka tashi. Nawa suka ƙi. Na ga bawan Allah kwance a kabarinsa, an aika masa da abin da bai cika ba, kuma ni kaɗai na san inda giɓin yake. Marigayin nan shi ya tsaya mini lokacin neman aure. Zuciya ta ce in yi shiru in rama a gida. Wata ta ce, idan ajali ya riske ka a hanyar Maraɗi fa?

“Malam, a dakata,” na ce. “Ba hailala ba ce. Wasa ne.”

Na miƙa salular. Liman ya dube ta ya daɗe, ƙwallon na ta yawo abinta.

“To, nawa ka tabbatar ka ja?”

“Talatin. Ko ashirin da bakwai.”

“Mu ɗauki ashirin.”

Ba wanda ya yi dariya, da an yi ma da na ji sauƙi. Ƙanen matata ne kaɗai ya raɗa mini, “Yaya, ka dai ci wasan ko?” Surukina bai dube ni ba. Ya juya ga liman ya ce: “A sake rabawa, Malam. Yayana ba ya tafiya da giɓi.” Sannan ya cire carbinsa ya ajiye a kan tabarma, wajen gwiwata.

Mutanen Jiratawa, da motarsu ke jira, suka koma suka zauna. Tuwo ya huce a cikin gida. Na ja rabona ina jin duk ƙwayar carbin da ta faɗi kamar a kunnen jama'a take faɗuwa, kuma da na gama na ƙara ɗari saboda shakka.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan ƙaramar kunya ta tare ka, ka sha ta nan take. Ni na guje wa ta mutum ɗaya, na je na sha ta gari guda, har da baƙi.