Rasuwar Gindin Gawo, Shafin Malam Zubair

Da zuciya cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Malam Zubair na Unguwar Kanya, malamin firamare a ƙasar Tsanyawa, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka ajiye abotar a makon jiya, rasuwar shafinsa na intanet mai suna Gindin Gawo, irin wanda 'yan boko ke kira bulog. Marigayin ya cika ranar Laraba bayan la'asar, a zauren mai unguwa, a gaban shaidu goma sha ɗaya, yana da shekara huɗu da wata biyu a duniya. Ba jinya ya yi ba. Mai shi ne ya danna masa yatsa da hannunsa, dattawa na zaune suna kallo.

An haifi marigayin a tsakiyar wata damina, a cikin waya mai fasasshen gilashi, a kan tudun da ke bayan makaranta, don a wancan lokacin nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya a duk unguwar. Rubutunsa na fari a kan ƙuduji ne, wannan muguwar ciyawa mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa. An karanta shi sau huɗu. Uku daga ciki Malam Zubair ne da kansa, yana komawa ya ga ko wani ya leƙo. Na huɗun har gobe ba a san ko wane ne ba, amma ana yi masa fatan alheri duk inda yake.

Marigayi Gindin Gawo mai haƙuri ne, kuma shi ya koya wa mai shi haƙuri. Shekara guda cur ana zuba masa rubutu kowace Asabar, babu mai cewa sannu, bai taɓa gajiya ba. A wurinsa Malam Zubair ya gane cewa mai karatu ba ya zuwa don an yi dogon Turanci ko an jero ayoyin hikima. Yana zuwa ne in an gaya masa yadda zai ajiye wake ya kai bazara ƙwari ba su huda shi ba, ko ranar da ya kamata ya ɗora buhunsa a mota zuwa kasuwar Dawanau. Ya gane kuma cewa rubutun da aka yi a gurguje tsakanin azahar da komawa aji yakan fi wanda aka yi sati ana yi wa kwalliya farin jini, abin da har yanzu yake ba shi haushi. Marigayin ba mai surutu ba ne. Duk abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne “tirin”, idan wani ya ajiye sharhi, kuma wannan “tirin” ɗin ta sha fitar da Malam daga tsakiyar cin tuwo da hannu duk miya.

A shekara ta biyu ya fara tafiya da ƙafarsa. Wani manomi daga Damagaram ya rubuto yana tambayar irin geron da ke jure ƙarancin ruwa. Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce ta ga hoton rumbu ta tuna gidan kakanta har ta yi hawaye. Mutanen Unguwar Kanya kuwa, da suke ce masa Malam mai hira da waya, sai ga su suna tare shi a hanyar masallaci, wannan a ɗauki ragonsa, wancan a ɗauki albasarsa. Ba su taɓa rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashin rubutu ba, amma ranar da ya kuskure sunan kakan wani, kafin magariba mutum shida sun yi masa sallama.

Babban abin da za a shaidi marigayin da shi, bai taɓa ƙarya ba. In gona ta ba da dami ashirin, ashirin zai ce. Wannan ce kaɗai dukiyar da Malam Zubair ya tara a shekara huɗu, kuma da ita yake taƙama.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hannun aminin mai shi, Muhammadu Sani, wanda suka yi kiwon awaki tare tun ba su san wando ba. Shekara bakwai da suka wuce Muhammadu Sani ya karɓi aron wata gona a hannun Alhaji Tahir, ɗan unguwar nan da ya koma birni da zama. Lokacin gonar fako ce, ko akuya ba ta tsayawa a cikinta. Muhammadu Sani ne ya yi ta jigilar taki a mangala, rani bayan rani, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. A ƙasarmu kuwa, inda gona ke jingine da gona babu tazarar shimfiɗa tabarma, kowa ya san yadda ake riƙe gonar aro. In kaka ta yi, ka kai wa mai ita dami biyu ko uku na godiya, ka sunkuyar da kai ka ce, “Alhaji, gonar ta gaji, sai dai haƙuri.” Shi ma ya san zancen, ya ce Allah ya kyauta, a rabu lafiya. Ba a faɗin adadi, ko da wasa.

Bana geron Muhammadu Sani ya yi abin da ba a taɓa gani ba, daɗi ya kwashe shi. Shi da kansa ya nemi a saka shi a Gindin Gawo, a tsaye gaban tarin damunansa, a kuma rubuta adadin, dami ɗari da arba'in, don masu ce masa wahalalle su gani. Inna Kaltume, mahaifiyar Malam Zubair, ta ji ana shirin, ta ce, “Zubairu, ka bar faɗin abin da ke rumbun mutane. Ko shi ya ce ka faɗa, kar ka faɗa.” Ya ce mata zamani ya canza. A nan dole a faɗi gaskiya ko da a kan mai makoki ne: ya san al'adar sarai, amma ya hango yawan masu karatu, kwaɗayi ya rufe masa ido. Rubutun kuwa ya yi tashin da babu wanda ya taɓa yi. Wayar ta wuni tana “tirin, tirin” kamar gyare. 'Yan unguwa suka yi ta tura shi a zaurukan wasaf, daga wannan hannu zuwa wancan, har ya sauka a wayar Alhaji Tahir. Kwana tara bayan nan saƙo ya iso cewa baɗi Alhaji zai noma gonarsa da kansa.

Sai aka taru a zauren mai unguwa don neman mafita, aka aika wa Malam Zubair ya zo. Ya tafi da niyyar ba da haƙuri da ɗaukar rabonsa na laifi. Mai unguwa ya dubi Muhammadu Sani ya ce, “Kai ka sa shi ya rubuta?”

Muhammadu Sani ya kafa ido a kan babban yatsan ƙafarsa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ina na san wani intanet? Cewa ya yi in tsaya zai ɗauke ni hoto, na tsaya. Kuma dami ɗari da arba'in a ina? Ko sittin ban ɗaure ba. Sauran na maƙwabta ne aka tara wuri ɗaya. Malam ne dai ya ƙara gishiri don a karanta.”

Mai unguwa ya juya ga sauran ya tambaya ko akwai wanda ya san yadda aka yi. Mutanen da suka taya ɗaurin damunan nan da hannunsu, suka ƙirga su da bakinsu, suka tura rubutun har birni, sai kowa ya zama baƙo. Wani ya ce shi wayarsa ko hoto ba ta buɗewa. Wani ya ce dama ya daɗe yana jin ana cewa abin da ake sakawa a shafin nan sai an tace. Wannan na biyun, hoton ragonsa na nan a shafin, sau biyu.

Abin da babu wanda ya sani a zauren, sai su biyu, shi ne a cikin wayar da ke aljihun Malam Zubair akwai saƙon murya na daƙiƙa hamsin. Muryar Muhammadu Sani ce, yana dariya, yana cewa, “Malam, ka rubuta ɗari da arba'in, kar ka rage ko ɗaya, su mutu da haushi.” Dannawa ɗaya ta isa ta wanke shi tas. Ya sa hannu a aljihu, ya ji wayar, ya dubi amininsa. Ya fahimci lissafin da aka yi tun kafin a kira shi: in aka ce adadin ƙarya ne, za a iya komawa wurin Alhaji a ce gonar ba ta kai yadda aka zuzuta ba. In kuwa aka ji muryar nan, gona ta tafi, kuma bakuna tara ke ci daga cikinta. Ya zare hannunsa babu komai.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Aka ce a goge shafin gaba ɗaya, don a samu abin gaya wa Alhaji. Wayar ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, abin da babu mutum ɗaya a zauren da ya tambaye shi. Ya danna. Marigayin bai yi ko “tirin” ba.

Ranar Juma'a labari ya dawo daga birni cewa Alhaji ya haƙura, gona tana nan a hannun mai aro. Malam Zubair ya yi murna, Allah ya sani ya yi. Ya zauna a ƙofar gida yana jiran a zo, ko ta bayan gida ne, a ce masa ko da “na gode” ko “ka yafe ni”. Yau kwana shida. Muhammadu Sani ya canza hanyar zuwa masallaci, kuma an ji shi ranar kasuwar Tsanyawa yana ba da labarin yadda 'yan boko ke ƙara gishiri, ana dariya. Har an fara kiran Malam da Dami Ɗari in ya ba da baya. Wannan ya fi gogewar ciwo, kuma ba zai ɓoye ba, ya ji an ci amanarsa.

Marigayin ya rasu ya bar rubutu ɗari biyu da takwas da suka bi shi, da guda biyar da ba a kai ga saki ba, ciki har da amsar sabuwar tambaya a kan maganin zago, garar nan, daga manomin Damagaram, wanda har yanzu yana can yana jira bai san an yi rasuwa ba. Ya bar waya ɗaya da ta yi shiru, da tsohuwa ɗaya da ba ta ce “ai na faɗa maka” ba, ta dai ƙara wa ɗanta miya. Ya bar kuma mai shi, wanda ya koyi cewa rubuta gaskiya abu ne mai sauƙi, samun wanda zai tsaya kusa da ita ranar da aka kira ta zaure shi ne aiki.

Babu wanka, babu sutura, liman kuma ya ce kada a sa shi cikin wannan shirme, an karɓi uzurinsa. Za a yi zaman makoki na yini ɗaya ranar Asabar, daga hantsi zuwa azahar, a ƙofar gidan Malam Zubair. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce za a buɗe wani, kada kuma su ce dama sun san gaskiya, don an ba su wurin faɗa ba su faɗa ba.

Bayan azahar za a binne abu na ƙarshe da ya rage, wato saƙon muryar nan, wanda babu wanda ya taɓa ji, ba kuma za a kunna wa kowa ba. Ana gayyatar Muhammadu Sani ya zo ya ga an goge shi da idonsa, ya samu ya yi barci. Ba a nemi ya ce komai a gaban mutane ba, tsayuwar kawai ta isa. In kuma bai zo ba, za a goge ɗin duk da haka, don 'ya'yansa ba su yi wa kowa laifi ba, kuma gero za su ci baɗi.