Fayil Ɗin da Ya Tafi da Fuskar Hajja Ashafa

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Isma'il mai ɗaukar hoto na Umbadda yana sanar da dangi na Omdurman da Bahri rasuwar fayil ɗinsa na RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta rage masa komai ba. Ya rasu yana da shekara huɗu da nauyin mega arba'in.

An yi wa marigayin shaidu iri-iri. Masu waya sun ce girman kai gare shi, ba ya buɗuwa a hannun kowa. Kwamfutar shago kuwa sai ta yi "hummm" kamar jakin da aka yi wa lodi kafin ta nuna shi. Amma Isma'il, wanda sai da furfura ta fito ya koyi aikin, ya san abin da ke ciki: mahaifiyarsa Hajja Ashafa a ƙofar gida, ranar Idin ƙarshe da ta gani, farin tob, wato lulluɓinta, cikin rana, baƙar fuska cikin inuwa. Marigayin ya riƙe duka biyun. Ka ƙara haske, tsagar kumatunta ta fito; ka rage, saƙar tob ta bayyana.

Bai yi doguwar jinya ba. A katin kyamara yake zaune, bai taɓa yin gida na biyu ba. Ana tsakiyar wani biki katin ya cika, amarya na jira. Isma'il ya ga hoto ɗaya sau biyu, wani ƙato wani ɗan mitsitsi, ya ce ai Hajja ɗaya ce. Ya goge ƙaton.

Marigayin ya bar ɗa guda, JPEG, wato ɗan mitsitsin nan, mai saurin shiga mutane amma ba zurfin ciki: ya mai da tob ɗin farin bango, fuskar kuma gawayi. Ya bar jikoki barkatai a WhatsApp, kowanne ya fi ubansa rama, da tattaɓa-kunne ɗaya da har yau ake gardama ko Hajja ce ko randar ruwa.

Ƙanwar Isma'il, Ni'mat, ta shekara tana roƙon a wanke mata babba don bangon ɗakinta. Isma'il ya ce mata wutar lantarki ce ta cinye marigayin.

Tunda babu gawa, babu wanka. Za a zauna gobe bayan la'asar a rumfar gidan, yini ɗaya tak, akwai shayi. Isma'il ya nemi a rufe sanarwar da abin da ya faɗa yau da safe a tsakar gida, gaban kowa:

"Ni'mat, ba wuta ba ce. Yatsana ne. Ki yafe mini, 'yar uwa."