Zaren da ke Leɓen Tela

Shayin ya huce a kofi, Kaka ba ta kula ba. Ta jingina wayarta da gwangwanin sukari kamar kowace safiya, tana kallon bidiyon marigayi mijinta, tsohon tela, zaune gaban kekensa da farin zare a leɓe, yana neman kafar allura. Ya zura, ya kuskure. Ya lashi zaren, ya sake kuskurewa. Can ya ɗago ya harari mai ɗauka: "Ke, kashe abin nan!" Dariyarta ta wancan lokacin ta cika ɗakin, ta yau kuma ta bi bayanta a hankali.

"Salamu alaikum, amarya! Da sassafe har an fara zance da wani?"

Jikanta ne, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, da jakar kwamfuta a kafaɗa.

"Wa alaikumus salam, mijin wahala. Kullum hannu na dukan cinya, ko sabulu babu."

"Na kawo miki kaina."

"Mayar inda ka samo. Zo ka duba min. Ƙanwarka ta turo min jaririnta tun jiya, abin sai juyawa yake, ya ƙi buɗewa."

Ya karɓa, ya lallatsa, ya girgiza kai. "Wayar ta cika, ga shi ba ta da gurbin memori. Tsohon nan naki ne ya mimmiƙe ƙafafu ya cinye ɗakin duka. Goge shi za a yi, dama ya daɗe yana tare min hanya."

Kaka ta fizge wayar ta danne ta a ƙirji. Ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya ga haka sai ya sassauta murya.

"Wasa nake, tsohuwa. Matse bidiyon zan yi, a rage masa nauyi. Kin ga bangon da ke bayansa? Bai taɓa motsi ba, ba sai an yi ta ajiye shi sabo ba. Irin waɗannan ake zubarwa, da ƙananan abubuwan da ido bai damu da su ba. Na asalin kuma in adana shi a kwamfutata."

"Wacce? Ƙanwar wadda ka manta a mota bara?"

"Ai wannan tsautsayi ne."

"Kai ne tsautsayin. Yi a gabana, ina kallon yatsun nan naka masu kama da tsinken tsintsiya."

Ya jona waya da kwamfuta. Wani koren layi ya fara rarrafe, Kaka na bin sa da ido kamar mai jiran fitowar likita. Da ya kai ƙarshe, jikan ya miƙo mata yana hura hanci.

"Ga shi, ya koma kamar audugar goge kunne. Ki ce na gode, maigida."

Ta gyara tabarau. Keken yana nan, muryar tana nan. Amma fuskar ta yi dishi-dishi kamar an hango ta ta gilashin da ruwa ya jiƙa, yatsun kuma suna ta kai da komo babu komai a cikinsu.

"Ina zaren?"

"Wane zare?"

"Na leɓensa! Da wa yake faɗa in ba zaren ba? Ka mai da min miji mai cafkar iska, wanda ya gani ya ce ya zautu!"

"Haba amarya, ɗan siririn zare wa zai lura?"

"Ni." Ta shafa gilashin wayar da yatsa. "Tun da idonsa ya raunana ni nake zura masa. Ranar nan kaɗai na ƙi, don in sami abin dariya. Mayar min da zarena."

Jikan ya sunkuyar da kai kan kwamfuta. Ya koma kan na asalin, ya sake matsewa, wannan karon da sauƙin hannu. Zaren ya dawo, fari tas, yana rawa a leɓen tsohon. Kaka ta sauke numfashi.

"Sai dai fa wurin da ya samu bai isa jaririn ba," in ji shi. "Dole a cire wani abu."

"Ai ga su nan rututu. Hotunanka da kake turo min kullum: kai da tabarau, kai jikin motar mutane, kai kana turo baki. Share su!"

"Fuskar mijinki guda?"

"Fuskar da nake gani kyauta, har na ƙoshi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kowanne ta'aziyya. Yana gamawa abin da ke juyawa ya tsaya, jariri ya bayyana cikin farin tawul. Ya motsa baki, ya buɗe ido, ya haɗe gira ya harari mai ɗauka.

Kaka ta dafe baki. "La ilaha illallahu! Hararar tela ce, wallahi ita ce. Saura kawai ya ce a kashe abin nan."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta tura wa jikan kofin shayin da ƙafa.

"Sha, ladanka ne."

"Ya yi sanyi fa!"

"Daidai kai. Ni na sami sabon miji, ka nemi inda za ka."

Ta miƙe tana dafa bango, ta zura takalmi ɗaya daidai ɗaya a karkace, ta fita da wayar a tafin hannu tana ƙwala wa maƙwabciya kira.