Zauren da Gara Ta Toshe

A wani daji da ke gindin wata tsohuwar madatsar ruwa, dabbobi suna da majalisa mai zaure guda. Al'adarsu tun kaka da kakanni ita ce, mai matsala ya tsaya a ƙofar zauren ya ɗaga murya, wanda bai yi kira ba kuwa ba a taimakonsa. Kwana tara Bushiya tana tsaye a wurin tana kira. Madatsar ta tsage daidai saman raminta, ga 'ya'yanta huɗu a ciki, ko ido ba su buɗe ba.

Ran na goma Gadu, shugaban majalisa, ya buga kofato a ƙasa. "'Yan majalisa, ihun nan ya ishe ni. Ta yaya za mu yi tunanin talakawa alhali talakawan sun hana mu sakat? A kira mini Gara."

Gara ce mai ginin dajin. Ta zagaya zauren, ta ƙwanƙwasa bango, ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙara iska take bi. Duk kafar da iska ta samu, murya ma ta samu. Bangon nan kuma ba kauri, in an yi ihu a waje sai ya girgiza ya miƙo muku shi ciki. Sai an ta da bango na biyu mai nauyi, a bar rata a tsakani, a cusa audugar rimi ta shanye abin da ya tsallako, a liƙe gefen ƙofa. Amma fa bango ba ya zaɓe. Yadda zai hana ku jin na waje, haka zai hana na waje jin ku. Ku bari in bar kafa ɗaya."

"Kafa?" in ji Dila, magatakardan majalisa. "Ai ta nan matar can za ta zuro mana baki. A toshe duka."

Yumɓu mai danƙo kuwa babu shi ko'ina sai a jikin madatsar. Gara ta ce kada a taɓa, aka ce mata gini aka kira ta yi, ba shawara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta gaban Bushiya ake wucewa da kwandunan yumɓun da aka haƙo daga madatsar. Tana ji tana gani ana kwashe ɗan abin da ya rage tsakanin 'ya'yanta da ruwa don kawai a daina jin muryarta.

"Ranku ya daɗe, ku ji tsoron Allah!" in ji ta, murya ta dishe. "Kwando biyu na roƙa a liƙe tsagar nan kuka ce babu. Yau na ƙirga arba'in sun wuce ni!"

Aka ja sabuwar ƙofa, aka rufe. Ciki ya yi tsit. A zaman farko majalisa ta yanke cewa an samu zaman lafiya a daji, tunda babu sauran mai kuka.

Ranar wata Laraba da la'asar hadari ya haɗo, aka kece da ruwa, madatsar ta ɓalle. Bushiya ta kai ɗa ɗaya kan tudu a bakinta, ta koma ta ɗauko na biyu. Da ta juyo ɗaukar na uku, babu ko alamar ramin.

Gwanki ya tsaya a bakin zaure ya yi ta kwarara wa na ciki ihu su fito, har ruwa ya kai masa ƙirji, ya haƙura. Sai da ruwan ya ɓullo musu ta ƙasa sannan 'yan majalisa suka farga, ƙofa kuwa ta jiƙa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. An ce Gadu yana da murya, to ranar ya kashe ta kaf wajen ihun neman ceto.

A kan tudu dabbobi suka yi cirko-cirko suna hangen rufin zauren. Gwanki ya dubi Bushiya, tana lasar 'ya'yanta biyu da suka rage, ya ce, "Yaya, ko mu haɗa ƙarfi mu je mu fasa musu bangon?"

Bushiya ta ɗaga kai, ta kasa kunne, ta daɗe tana saurare.

"Ni dai ban ji kowa ya yi kira ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Gara ba ta ha'inci a aikinta.