Motar Baba a Tsakar Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara rabin Ikara a ƙofar gidanmu, wai su zo su ga abin da hannuna ya yi.

Marigayi Baba direba ne. A zamaninsa ya ja wata jar mota ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda tsofaffi suka ce tun daga Gubuchi ake jin rurinta. Hotonta kaɗai ya rage mana. Ni kuwa makanike ne, sai na yi wa Inna alkawarin zan ƙera irinta sak, in kai ta bikin jikarta a Kudan a ciki.

Don gudun 'yan sa ido, a tsakar gida na yi aikin. Ƙarfe-ƙarfe na riƙa shigo da su ta zaure, yau ƙofa a kan acaɓa, gobe inji a amalanke. Wallahi ta yi kyau! (Har yanzu in na tuna fentin nan sai in ji kaina ya kumbura.)

Ranar biki Inna ta ci ado ta shige kujerar gaba. Na murza makulli, mota ta yi ruri, kaji suka watse, jama'a a waje suka ɗau tafi. Sai ga Kawu Sale, yayan Inna, ya leƙo da sandarsa.

"Injiniya, sannu da aiki. To, ta ina za ta fita?"

Na dubi zaure, na dubi mota. Ƙofar da ko buhun masara sai an karkata. Hanya ɗaya ce, katangar gabas, ita kuwa Baba ya gina ta da hannunsa, Inna ba ta yarda ko ƙusa a buga mata.

Na ce, "Inna, ki sauko, na samo miki acaɓa."

Ko motsi ba ta yi ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Muryar motarsa ce wannan. Yaya Sale, a kawo diga."

Kawu na dariya, shi ya fara sara. Muka fita ta kan ɓaraguzai, muka isa Kudan bayan an cinye shinkafa, amma Inna ta hana ni kashe inji sai da kowa ya fito ya gani.

Katanga dai ni na mayar, cikin damina. Yanzu ko keke aka kawo mini gyara, sai na fara auna ƙofa.